Tukwicin Malam Sannu-Sannu

A layin teloli kowa Darakta yake ce mata, har yaran da ba su san ma'anar kalmar ba. Ba ta taɓa shugabantar kamfani ba, ko kujerar ofis ba ta taɓa zama a kai ba. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan cikin tsokana, sunan kuwa ya zauna daram.

Mijin nan mai gyaran keken ɗinki ne, ana kiransa Malam Sannu-Sannu, domin komai gaggawar tela, amsarsa ɗaya ce: sannu-sannu dai, keke ba ya son faɗa. Shagonsa ɗaki ne guda a gaban gidansu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Kawunan kekuna a jere a ƙasa suna jiran layi, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi da allurai, ga wani benci da mai ya jiƙa har ya koma baƙi. Ita kuma 'yar tela ce. Ta tashi tana zura wa mahaifinta zare a allura lokacin da idonsa ya fara rauni, kuma a shagon mahaifin nata ta fara ganin wannan mai gyara da ya ɗauki yini guda a kan keke ɗaya. Ta ce masa in haka yake aiki yunwa za ta kashe matarsa. Ya ce to ta zo ta gwada mana. Ta gwada, suka haura shekara ashirin tare, suka aurar da 'yarsu tilo, yunwa ba ta kashe kowa ba.

Maganar bidiyo da ƙaramin abu ta fara. Wata tela daga nesa ta bugo waya tana kuka, kekenta yana cakuɗa zare ta ƙasa, ga kayan mutane, ga ba ta da halin ɗauko shi. Malam ya ce wa matarsa ta riƙe waya ta ɗauke shi, ya nuna wa telar yadda za ta yi. Ta riƙe. Ashe hannunta ba ya rawa ko kaɗan, kuma ta san inda ido yake so ya kalla tun kafin a faɗa. Ƙanin Malam, wanda suke kira Auta, mai sayar da caja da murfin waya a bakin kasuwa, shi ya ɗora bidiyon a intanet. Kafin a ce me, teloli daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba suna ta tambaya. A kowane bidiyo za ka ji Malam yana cewa, "Darakta, matso da wayar su ga haƙoran keken nan." Ita kuma daga baya sai ka ji, "Kai dai ɗauke babban yatsanka, ya rufe komai." Masu kallo ba su taɓa ganin fuskarta ba, amma sun san dariyarta.

To, teloli mutane ne masu kunyar cin abu kyauta. Suka matsa sai sun ba da tukwici. Ta banki abin ya gagara, wannan yana wata ƙasa, wancan yana wata, kuɗin turawa ya fi tukwicin kansa. Auta ya ce ai akwai kirifto, kuɗin intanet da ba ruwansa da iyakar ƙasa. Ya buɗe wa yayansa asusu a waya, ya fito masa da lambar asusun, wani ɗan zane mai kusurwa huɗu kamar saƙar tabarma. Duk wanda ya haska zanen da wayarsa zai iya turo abin da ya sawwaƙa, har ya haɗa da ɗan saƙo. Da farko a bango suka manna shi. Darakta ce ta ce a'a, ai ita hannun Malam take ɗauka ba bango ba. Ta sa aka buga zanen a ƙirjin rigar aikinsa, daidai inda hannuwansa suke kai da komowa, yadda duk inda ta juya waya sai ya fito. Ta daɗe tana yi masa gorin wannan dabarar.

Auta ya kuma saka mata wata manhaja a tata wayar, wadda ke nuna abin da ya shigo kawai, ba a fitar da komai da ita. Duk shigowar tukwici sai wayar ta ce ƙilin. Malam yakan ɗaga kai daga aiki ya ce, "Darakta, wa ya tuna da mu?" Sai ta karanta masa. Ba wasu manyan kuɗi ba ne, na shayi ne da na sabulu, amma da su aka gyara rufin ɗaki, da su aka yi wa jika goyo.

Asusun yana da mabuɗi, kalmomi goma sha biyu na Turanci waɗanda ba su da haɗi da juna. Auta ya ja kunnen yayansa: wanda duk ya san su ya mallaki kuɗin, wanda ya rasa su kuma ba ofishin da zai je ya yi kuka, ba manajan da zai roƙa. Malam da yake yana taƙama da ƙwaƙwalwarsa, mutumin da ya san kowace ƙusa a cikin keke, sai ya haddace su tsaf ya ƙona takardar. Sau biyu yana cewa matarsa ta zauna ya koya mata, saboda halin rai. Sau biyun tana zabura.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Wane irin halin rai ana zaune lafiya?"

Haka take. Mace ce mai ƙarfin zuciya a komai, ban da wannan. Ko labarin mutuwa ake yi a rediyo sai ta murɗe tasha.

Tari ne ya fara kama shi, ɗan ƙarami, irin wanda ake cewa ƙura ce. Shi dai kamar jikinsa ya ba shi, sai ya dage da ɗaukar bidiyo, yau biyu gobe uku, ya ce su tara su ajiye, kada ciwo ya sa teloli su jira. Ta ɗauka tana mita. Da aka kwantar da shi a asibiti, wata rana da hantsi, ma'aikaciya ta fita ke nan, ya kamo hannunta ya ce ta kawo kunnenta. Ya fara jero kalmomin a hankali, yana hutawa tsakani. Ya faɗi ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sai ta gane abin da yake yi. Ta ɗora tafin hannunta a bakinsa.

"Wallahi ba zan ji ba. Ka tashi ka cire kuɗinka da kanka."

Ya dube ta, ya yi ɗan murmushi a ƙarƙashin hannunta, bai ja ba. Bai taɓa iya ja da ita ba. Washegari jiki ya rikice, bai sake magana ba har ya cika.

Da sauran hanya ɗaya, wayarsa, domin asusun yana buɗe a cikinta. Amma wayar a kulle take, kuma Auta, cikin ruɗewar makoki da son ya taimaka, ya kai ta wurin wani mai gyara ya ce a buɗe. Mai gyaran ya buɗe ta kuwa, ta hanyar da ya iya: ya wanke ta tas, ta dawo kamar sabuwa, ba hoto ba asusu. Auta ya zo ya durƙusa a gaban matar yayansa yana kuka kamar yaro. Me za ta ce? Ita ta san hannun wa ya fara rufe ƙofar.

Masu gaisuwa sun watse, gida ya yi tsit, tana shara a shago da rana tsaka, sai wayarta ta ce ƙilin.

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Har ta juya wajen kujerarsa tana jiran tambayar. Ta ɗauki wayar ta karanta: "Malam, kekena ya daina tsinka zare, Allah ya ƙara maka lafiya. Ga na shayi." Ta zauna a bakin benci ta sake karantawa. Tun da aka yi rasuwar nan duk wanda ya buɗe baki "marigayi" yake cewa, "Allah ya jiƙansa" yake cewa. Ga wani can a bayan duniya yana yi masa magana kai tsaye, yana roƙa masa lafiya. Ta ji daɗi, gaskiya ta ji daɗi, irin daɗin da ke zuwa da tsoro a bayansa.

Ranar da suka saba ɗora bidiyo ta zo. Ta buɗe waɗanda suka tara, ta zaɓi na farko, ta ɗora. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Auta ya zo da yamma fuska a murtuke. "Anti, na ga kin saka bidiyo. Ba ki gaya musu ba?"

"Ilimi ne. Shi ya ce a saka."

"Na sani. Amma lambar tana ƙirjinsa, mutane suna turowa. Kuɗin nan ba ke ba ni, ba kowa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

"Na ce maka yunwa nake ji?"

Ya kawar da kai. Da ma wasa ne tsakaninsu, irin na mace da ƙanin miji, tana ce masa mijin wahala yana ce mata uwar mita. Tun ranar wayar nan wasan ya mutu, ba ya iya haɗa ido da ita, balle ya yi mata musu.

Haka aka shiga wata rayuwa da ba wanda ya san da ita sai su biyu. Teloli na layin sun san Malam ya rasu, da su aka kai shi, amma su ba masu kallon bidiyo ba ne, suna da shi a kusa me za su kalla? Suka ci gaba da kawo kekuna don ba su san inda za su kai ba, ita kuma ta zauna ta fara kwancewa. Shekarun da ta yi tana kallon hannunsa ta cikin waya ba su tafi a banza ba. In abu ya shige mata duhu sai ta kunna bidiyonsa ta jingina wayar, muryarsa ta cika shagon, yana tari yana cewa sannu-sannu. Wata tsohuwa ta taɓa shigowa da kan keke a ka, ta ji muryar, ta yi baya da salati har ta kusa faɗuwa.

Saƙonni kuwa ba su yanke ba. Malam ka yi mana na keken surfani. Malam gaishe da Darakta. Malam wannan rigar taka ba ka da wata ne? Takan karanta su da ƙarfi, tana fuskantar kujerar. Wani lokaci har ta ba da amsa a madadinsa, da irin maganarsa. Ta san ba daidai ba ne. Kada wani ya ce ba ta sani ba, ta sani sarai. Duk ƙilin ɗin da wayar za ta yi, gumin wata ne ko na wani ya faɗa rijiyar da ba guga. Sai ta riƙa lallashin kanta cewa ai ɗan kaɗan ne, ai ba ta roƙi kowa ba, ai bidiyon sun kusa ƙarewa, in sun ƙare za ta faɗa.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne tarin. Tana ɗora bidiyon bi da bi yadda aka ɗauke su, don haka masu kallo suna ganin abin da ita ta ƙi gani a lokacin. Mako bayan mako wuyan rigar yana yi masa yawa. Yana tsayawa tsakiyar magana ya juya baya ya yi tari mai tsawo, wayar kuma ba ta motsi, hannun mai riƙon ko gezau. Ita kanta da ta zauna kallo sai da ta tambayi kanta, wace irin mace ce ta tsaya riƙe da wayar nan? Mutumin yana narkewa a gabanta tana ce masa ya ɗauke babban yatsa.

Akwai wata tsohuwar mai kallo da ke kiran kanta Uwar 'Yan Biyu, shugabar wata ƙungiyar teloli mata a wata ƙasa mai nisa, tun bidiyon farko-farko take tare da su. Ita ta fara rubutawa: "Darakta, tarin Malam ba na ƙura ba ne, ku je asibiti." Darakta ta karanta, ta kife wayar.

Ranar da abin ya fashe tana tsakiyar saita ƙoshiyar zaren ƙasa ta wani tsohon keke, mai shi yana zaune a bakin ƙofa yana jira. Wayar ta ce ƙilin. Kafin ta goge hannu ta sake cewa ƙilin, ta sake, ta sake, kamar ana buga ƙofa. Mai keken ya yi dariya ya ce yau kasuwa ta buɗe. Ta ɗauka ta duba. Matan ƙungiyar ne suka yi karo-karo, kowacce tana turo nata da saƙonta. Na magani, Malam. Na gwajin ƙirji. Wata ta rubuta cewa kuɗin da take tarawa ne don ta sa wa kekenta injin lantarki ta huta da taka feda, amma injin zai jira, lafiyar Malam ba za ta jira ba. Daga ƙarshe Uwar 'Yan Biyu ta rufe da cewa, "Darakta, amana ce a hannunki. Ki kai shi gobe, kada ki saurari sannu-sannunsa."

Ta sallami mai keken ta ce ya dawo jibi. Ta rufe ƙofar titi. Ta kira Auta, ya zo ya gani, ya dafe kai.

"Babu yadda za a mayar musu?"

"Babu, Anti."

"Ko rabi?"

"Wanda zai mayar shi ne mai mabuɗi."

Ta faɗa masa kalmomi ukun da suka maƙale a kunnenta tun asibiti, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ya girgiza kai, ya ce uku da babu duk ɗaya ne. Sannan a hankali, karon farko tun rasuwar, ya ɗago ya dube ta. "Ni na ɓatar da wayar, na ɗauki laifina. Amma wannan na yau ba ni ba ne."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ya tafi, za ta kira shi.

Ba ta taɓa zama a kujerar Malam ba, ko gyara za ta yi a bakin benci take raɓewa. Ranar ta zauna. Ba mai riƙe mata waya, sai ta jingina ta da gwangwanin mai, hoton ya karkace, rabin kanta ya fita, ita da ta yi shekaru tana faɗa a kan irin wannan. Ta bar shi haka. Ta yi sallama, ta ce ita ce Darakta. Ta ce Malam ya rasu tun kafin bidiyon da suke ta kallo a watannin nan, ita ce ta ɓoye. Ta ce duk abin da suka turo tun daga lokacin yana wurin da ba mai iya taɓa shi har abada, domin ya so ya ba ta mabuɗin ta rufe masa baki. Ta ce ba don kuɗi ta yi shiru ba, ko sisi bai shigo hannunta ba, ta yi ne don su kaɗai suka rage masu ce masa "kai". Ta roƙe su gafara, musamman mai injin lantarki. Muryarta ba ta karye ba sai da ta zo cewa kada kowa ya sake turowa.

Saura tsoffin bidiyon, domin wanda ya faɗo kan ɗaya daga cikinsu gobe ba lallai ya ga nata ba. Auta ya gwada rufe lambar da hazo a wani bidiyo ya nuna mata. Ina! Lambar tana daidai bayan hannuwansa, sai hazon ya cinye yatsun, ya cinye sukudireba, ya cinye ƙirjin, ya rage kai yana magana a saman gajimare. Ta ce ya cire wannan abin daga gabanta. Dabararta ce, wadda ta daɗe tana gori da ita. Ta karɓi wayar ta cire bidiyon duka da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ta bar nata shi kaɗai a shafin.

Amsoshi suka zo iri-iri. Wasu suka zage ta, suka ce 'yar damfara ce, ta kwashe kuɗin tana kukan ƙarya. Mafi yawa ta'aziyya suka yi. Uwar 'Yan Biyu sai daga baya ta rubuta, "Kin bar mu muna yi wa mamaci sannu, baiwar Allah. Ni ma na binne miji, na san abin. Mun yafe, amma ya yi ciwo." Kowa dai yanzu "marigayi" yake cewa. Ta karanta su a zuci, ba ta ƙara karanta wa kujera ba.

Wayar ta yi shiru. Auta ya ce ta kawo ya goge manhajar tunda ba ta da sauran amfani, ta ce ya bari tukuna. Ta ci gaba da gyara. Ta yi suna a layin, har wasu na cewa ta fi Malam sauri, ita kuma takan ce saurin ne aibinta. Ta fara ɗaukar nata bidiyon jefi-jefi, hannu kawai, ba lamba ba tukwici. Rigar aikinsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ta juya ta ciki ya koma waje.

Sai dai abin da ya shiga duniya ya shiga. Teloli ba sa kallon bidiyo sau ɗaya su ƙona data, saukewa suke yi su ajiye, wannan ya tura wa wancan, uwar ɗaki ta tura wa 'yan koyo, daga waya zuwa waya har ƙauyukan da ba su san akwai wani shafi ba, balle wata sanarwa. A can Malam yana nan da ransa, yana tari, lambar tana ƙirjinsa.

Watanni sun shuɗe. Wata safiya tana ɗaura bel a wani keke, wayar tana kan benci kusa da gwangwanin allurai, sai ta ce ƙilin. Ta tsaya cak da bel ɗin a hannu. Ta daɗe kafin ta miƙa hannu. Baƙon mutum ne, ba ta san shi ba, kuma ba ta da hanyar da za ta kai masa amsa. Ya ce yau ya fara cin kuɗin ɗinki da keken da ya gada wurin mahaifiyarsa, bidiyon Malam ne ya tayar masa da shi, ga ɗan abin da ya samu. A ƙarshe ya ƙara da cewa, "Na ji kana tari. Yaya jikin, Malam?"

Ta dubi kujerar. Ba kowa a shagon, ba kowa a bakin ƙofa.

"Da sauƙi," in ji ta.

Ta ajiye wayar a inda take, ba ta kashe ƙarar ba, ta koma kan bel ɗin.